Tsaron bayanan ma'aikata: matakan da shugaba zai bi tun kafin masu kutse su iso

Wata safiyar Litinin aka kira ni wani asibitin kuɗi, ƙarami, gadajensa ba su fi talatin ba. Na tarar da marasa lafiya sun cika benci, mai ba da kati kuma ta rafka tagumi a gaban kwamfuta. Duk fayil ɗin da ta danna ya ƙi buɗewa. Sunayensu sun canza, an liƙa wa kowanne wasu haruffa a wutsiya, ga kuma wata 'yar takarda a kowace jaka tana cewa a biya kuɗi kafin a ba da mabuɗi. Na tambaya ko suna da kwafi. Aka nuna mini wani baƙin faifan ajiya a kan tebur, wanda tun ranar da aka saye shi yake jone da kwamfutar. Shi ma an kulle shi. Tarihin jinyar mutane na shekaru, da lissafin magani, da bashin da asibitin ke bin kamfanonin inshora, duk suna ciki.

Mai asibitin likita ne nagari, ya san majinyatansa da sunayensu. Ya waiwaya ya ce, "Ina yaron kwamfutar nan? Ba aikinsa ba ne?" Yaron kuwa ɗan bautar ƙasa ne da aka turo wata huɗu da suka wuce. Ba a taɓa ba shi ko sisi ya sayi wani abu ba, kuma ba shi da bakin da zai hana babban likita sa filash ɗinsa a kwamfutar ofis. Wannan tambayar ta likita ita ta sa na rubuta wannan jagora. Tsaron bayanai aikin shugaba ne, kamar yadda makullin sito da sa hannu a cek suke aikinsa. Na rubuta ta ne don makaranta, asibiti, ƙungiyar agaji, ƙaramin banki, kamfanin dillanci, duk wurin da ke da ma'aikata daga goma zuwa ɗari biyu kuma ba shi da kuɗin ɗaukar rundunar ƙwararru.

Mataki na farko: a san wanda za a tambaya

Ku zaɓi mutum ɗaya daga cikin manya, mataimakin shugaba ko sakataren gudanarwa, ku rubuta a takarda cewa tsaron bayanai yana wuyansa. Ba sai ya iya gyaran kwamfuta ba. Abin da ake so shi ne ya zama mai iya cewa a'a ga kowa, har da oga, kuma yana da kujera a taron da ake raba kuɗi. Mai kula da kwamfutoci zai yi aiki a ƙarƙashinsa. A sa batun cikin ajandar taron shugabanni sau ɗaya duk wata uku. Hukumar NIST ta Amurka ma, mai tsara ƙa'idojin fasaha, da ta sabunta tsarinta na tsaron intanet a Fabrairun 2024, abin da ta ƙara a kan ginshiƙai biyar na da shi ne na shugabanci, ya zama na shida.

Mataki na biyu: ƙidaya

Ba wanda ke gadin garken da bai san yawansa ba. Wannan matakin shi ne mafi gajiyarwa, shi ne kuma wanda aka fi tsallakewa, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ku ware kwana biyu, ku ɗauki littafi ko teburin Excel, ku bi ofis ɗaki-ɗaki. Kowace kwamfuta a rubuta ta: ta waye, wane Windows ke kai, me ke cikinta. A rubuta na'urar Wi-Fi, da firinta, da na'urar kyamarorin tsaro, da POS, da wayoyin ofis. Daga nan a koma kan abubuwan da ba a gani da ido, nan ne mamaki yake: imel ɗin ma'aikata, shafin intanet da sunan da aka yi masa rajista, shafin Facebook, lambar WhatsApp ta kwastomomi, manhajar lissafi, manhajar albashi, ƙofar banki ta intanet, Google Drive ɗin da wani ya buɗe shekara uku da suka wuce. A gaban kowanne a amsa tambaya uku. Da sunan wa aka buɗe? Wace lambar waya ce ke karɓar lambar tabbaci? Wa da wa suka san kalmar sirri?

Kusan duk inda na yi wannan aikin sai an gano abu iri ɗaya. Shafin makaranta yana kan imel ɗin wani ɗan'uwan mai makaranta da ya koma wani gari. Layin da ke karɓar alat na banki na tsohon akanta ne. Jerin sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu yana cikin wayar malamai bakwai. Idan kun gamu da irin wannan, kada ku tsaya neman mai laifi, a rubuta kawai a ci gaba.

Sai a rarraba bayanan gida uku. Akwai na kowa, kamar talla da jadawalin kuɗin makaranta. Akwai na cikin gida, kamar wasiƙu da rahoton taro. Akwai kuma na amana: tarihin jinya, lambobin NIN da BVN, albashi, sakamakon jarrabawa, hotunan yara, sunayen waɗanda suka karɓi tallafi. Na ukun nan ba dukiyarku ba ce, ajiyar mutane ce a hannunku, kuma a kansu za a kashe mafi yawan ƙarfi. Duk wanda ba ku da bukatarsa, kamar tarin hoton katin shaida na masu neman aikin da ba a ɗauka ba, a goge shi yau. Abin da ba ku ajiye ba, ba za a sace shi a hannunku ba.

Mataki na uku: auna haɗari, a jera shi

Yanzu ku zauna, mutum huɗu ko biyar: shugaba, akanta, mai kwamfuta, da wanda ya fi kowa daɗewa a wurin. Ku ɗauki abubuwan da ke jerin amana da waɗanda aiki ba ya tafiya sai da su, ku tambayi kanku abu uku a kan kowanne. Idan ya fita hannun wanda bai kamata ba fa? Idan wani ya canza shi a ɓoye fa? Idan muka wayi gari babu shi fa? Masana suna kiran waɗannan sirri, sahihanci da samuwa, kuma duk wani tsarin tsaro na duniya a kansu ya ginu.

Kowane haɗari a ba shi maki biyu daga 1 zuwa 5: yiwuwar faruwarsa, da girman ɓarnarsa. A ninka su. Misali, a makaranta, sakamakon ɗalibai duka yana cikin laftof ɗaya da jami'in jarrabawa ke tafiya da ita gida a adaidaita sahu. Yiwuwar ɓata ko lalacewa 4, ɓarna 5, maki 20. Wani ya canza hoton shafin intanet na makarantar: yiwuwa 2, ɓarna 2, maki 4. Kun ga inda kuɗin farko zai tafi. Lambobin ba kimiyya ba ce, amfaninsu shi ne su tilasta wa mutane su yi gardama a fili su cimma matsaya.

Kada hankali ya tafi kan 'yan dandatsa na ƙasashen waje kaɗai. A wurinmu, wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙona saba (babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis), da gobara, da ɓarawon da ya ɓalle taga, da ma'aikacin da ya tafi cikin fushi, duk suna cikin lissafi. Wanda ya ga yadda ruwa ya shanye unguwanni da ofisoshi a Maiduguri cikin Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ya san ambaliya ma haɗarin bayanai ce.

Kowane haɗari yana da mafita huɗu: a rage shi da wani mataki, a kauce masa ta hanyar daina abin da ke jawo shi, a miƙa wani ɓangarensa ga wani ta kwangila ko inshora, ko a amince a zauna da shi. Zama da haɗari ba laifi ba ne, muddin shugaba ne ya sa hannu ya ce ya gani ya yarda. A rubuta sunan mai aiwatarwa da ranar gamawa a gaban guda goma na sama. Wannan takardar ita ce rajistar haɗari, ita za a riƙa buɗewa a taron wata uku-uku.

Mataki na huɗu: ƙofofin shiga

A watan Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha, ya rufe bututunsa na kwanaki, gidajen mai suka ƙafe, ya kuma biya fansar dala miliyan 4.4. Ta ina aka shiga? Ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, mai kalmar sirri kaɗai ba tare da makulli na biyu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga abin yi. Kowane ma'aikaci ya sami asusunsa da sunansa. A daina asusu ɗaya da kowa ke shiga, domin ranar da aka canza wani adadi a lissafi ba za a san hannun wa ba ne, kuma zargi zai faɗa kan marar gata. Kalmar sirri ta zama doguwa, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, wadda ba a amfani da ita a wani wuri. Tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani. Sunan ɗa da shekarar haihuwa da lambar waya duk suna Facebook, a bar su. Tun da ba mai iya haddace kalmomi talatin, a yi amfani da manhajar adana su, irin Bitwarden ko KeePass.

Sai makulli na biyu, wato tabbaci mai mataki biyu. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak da za a yi a makon nan, shi zan zaɓa. A fara da imel ɗin shugaba da na akanta, domin wanda ya mallaki imel zai iya sake kalmar sirrin kusan komai. Sai banki, sai shafukan sada zumunta, sai WhatsApp, wanda ke da nasa lambar sirri mai lamba shida a cikin saituna. Inda hali ya yi, a fifita manhaja irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator a kan saƙon tes, saboda ana iya yi wa layi walkam-bak da takardun bogi a karɓe shi. A sa wa layukan ofis lambar kulle SIM. A buga lambobin ko-ta-kwana da asusun ke bayarwa a kan takarda, a sa a ambulan, a kulle a sef.

Kowa a ba shi iya abin da aikinsa ke bukata. Kashiya ba ta da hurumi a fayil ɗin albashi. Shugaba ma kada ya yi aikin yau da kullum da asusun admin, tun da shi aka fi hari.

Ranar da ma'aikaci zai bar aiki, ko da lafiya aka rabu da addu'a da walima, a rufe asusunsa a ranar, a cire shi daga zaurukan WhatsApp na aiki, a canza duk kalmar da ya sani. Mutanenmu suna jin nauyin wannan, suna ganin kamar zargi ne. Maganin shi ne a mai da shi doka a kan kowa, a haɗa shi da takardar miƙa makullai, ta yadda ba wanda zai ji an ware shi.

Mataki na biyar: hanyar fitar kuɗi

Yawancin kuɗin da ma'aikatu ke asara ba fasa kwamfuta ake yi a ɗauka ba, ma'aikaci ne ke turawa da hannunsa yana ganin daidai yake yi. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya buɗe kamfani da sunan Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke yi wa manyan kamfanoni kayan aiki, ya riƙa aika takardun neman biya na bogi. Facebook da Google suka tura masa sama da dala miliyan 100 kafin asiri ya tonu, aka ɗaure shi shekara biyar a Amurka a 2019. A farkon 2024 kuma wani ma'aikacin kamfanin injiniya na Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo, ya ga fuskar babban jami'in kuɗi da abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ya tura kusan dala miliyan 25. Duk fuskokin na bogi ne, ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa su.

Namu salon kun san shi. Saƙo ya shigo wa akanta ta WhatsApp da hoton oga: "Ina cikin mitin, kada ka kira. Tura miliyan biyu wannan asusun yanzu, zan yi maka bayani." Ko imel daga mai kawo kaya cewa sun canza banki. Abin da ɓarawon ke dogaro da shi tarbiyyarmu ce: yaro ba ya tuhumar babba, ba a ce wa oga "ban yarda ba". Don haka gyaran daga sama zai fito. Shugaba ya tara ma'aikata ya faɗa da bakinsa: "Duk wanda ya ga saƙon kuɗi da sunana, ya kira ni. In ban ɗauka ba, ya jira. Ba zan taɓa yin fushi da wanda ya jira ba." Kuma ya cika alkawarin ranar da jiran ya ɓata masa wani ciniki.

A rubuta ƙa'idoji uku a manna a ofishin kuɗi. Duk canjin lambar asusu sai an kira mai shi ta tsohuwar lambar da ke fayil, ba wadda ke cikin saƙon ba. Duk kuɗin da ya haura wani adadi da kuka yanke, mutum biyu ne za su amince, mai shigarwa daban mai sakewa daban, kuma manhajojin banki na kamfanoni suna da wannan tsarin in kun nema. Kaya ba sa fita da hoton rasit ko saƙon alat, sai an ga kuɗin a cikin asusu.

Mataki na shida: kwafin ko-ta-kwana

Ranar 27 ga Yunin 2017 wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ta bazu daga Yukren, ta cikin sabuntawar wata manhajar haraji mai suna M.E.Doc. Cikin waɗanda ta faɗa wa har da Maersk, kamfanin jiragen ruwa na Denmak da kwantenoninsa ke cika tashar Apapa. Cikin ɗan lokaci kwamfutocinsa a faɗin duniya suka mutu. Da aka zo farfaɗowa sai aka ga babbar matsala: sabobin da ke riƙe da sunaye da izinin dukan ma'aikata, wajen 150, an tsara su ne su riƙa kwafar juna, don haka tare suka tafi. Aka yi ta kiran ofisoshi ƙasa-ƙasa, har aka dace da guda ɗaya a Gana. Wuta ce ta ɗauke a ofishin kafin harin, sabar ta kasance a kashe. Intanet ɗin wurin ba zai iya tura bayanan da sauri ba, ma'aikatan kuma ba su da bizar Ingila, inda ake aikin farfaɗowar, sai wani ya ɗauko faifan ya kawo Najeriya, ya miƙa wa wani a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sun sake ɗora saba 4,000 da kwamfuta 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Abin da ya ceci Maersk shi ne kwafin da ba ya jone da komai, kuma sa'a ce ta ba su shi. Ku naku ku tanade shi da gangan. Ƙa'idar da aka saba ita ce 3-2-1: kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. A aikace, ga yadda ƙaramin ofis zai yi. Ku sayi faifan ajiya biyu, ku rubuta musu A da B. Ranar Alhamis da yamma a jona A, a kwafe, a cire, a kai shi gidan shugaba ko wani reshe. Mako mai zuwa B. Kada su taɓa kwana a gini ɗaya, kada kuma a bar ɗaya a jone. A rufe su da BitLocker, makullin faifai na Windows, ko makamancinsa, don in ya faɗi a hanya wanda ya tsinta ba zai karanta ba. Na ukun ya zama a intanet. Sai dai a kula, jakar da ke daidaita kanta da Google Drive ko OneDrive tana iya kwashe fayilolin da aka kulle ta ɗora a kan masu kyau, don haka a tabbatar ana iya komawa tsofaffin kwafi, a kuma san kwana nawa ake riƙe su.

Shugaba ne zai amsa tambaya biyu a nan. Aikin kwana nawa za mu iya jure rasawa? Kwana nawa za mu iya zama a tsaye? Asibiti ko ƙaramin banki ba zai jure asarar mako ba, nasu kwafin kullum ne.

Sannan a gwada. Duk wata uku a ɗauko wata kwamfuta daban, a ce wa mai kula da ita ya dawo da manhajar lissafi da bayanan watan jiya, shugaba yana zaune yana duba agogo. Na sha ganin faifan da aka yi shekara ana "kwafa" a kai, ranar bukata aka tarar gajerun hanyoyi ne kawai a ciki, ko kuma ba wanda ya tuna kalmar buɗe shi.

Mataki na bakwai: sabuntawa

Harin WannaCry, manhajar kulle fayiloli don neman fansa, na 12 ga Mayun 2017 ya shafi ƙasashe kusan 150, ya sa asibitocin gwamnatin Ingila soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Microsoft ta riga ta fitar da faci, wato sabuntawar da ke toshe ɓarakar Windows da harin ya bi, tun watan Maris. Wata biyu maganin yana nan ba a sha ba.

Ku kunna sabuntawa ta kai tsaye a kwamfutoci da wayoyi. Na san tsadar data ce ke sa ake kashe ta, to a sa kuɗinta a kasafi. Windows 7 ya daina samun faci tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar da dole sai da tsohon tsari, kamar wadda ke jone da na'urar gwaji a asibiti, a raba ta da intanet gaba ɗaya. Manhajar sata da ake ɗorawa a shagon gyara kan 'yan kuɗi kaɗan, sau da yawa da ƙwayar cutarta take zuwa. In kuɗin lasisi ya yi yawa, LibreOffice kyauta ne. A canza kalmar sirrin da na'urar Wi-Fi da ta kyamarori suka zo da ita daga kamfani, a kuma ware wa baƙi nasu layin Wi-Fi.

Mataki na takwas: ma'aikata da 'yan kwangila

Taron bita na yini guda a otal sau ɗaya a shekara ba ya canza hali. Minti goma a taron wata-wata ya fi. A nuna saƙon tarko na gaske da ya shigo wa wani a ofis, a bi shi tare: dubi adireshin, harafi ɗaya aka canza, dubi gaggawar, dubi linkin, inda ya nufa daban da abin da ya rubuta. A yi bayanin da harshen da masinja da mai shara za su gane, don su ma suna da waya, suna kuma cikin zauren ofis. Kowa ya haddace cewa banki ba ya tambayar OTP ko PIN, kuma lambar da WhatsApp ya turo ba a karanta wa kowa.

Abu mafi tsada shi ne ma'aikaci ya danna abu ya ji tsoro ya yi shiru. A hukumar lafiya ta ƙasar Ayalan, an buɗe wani fayil ɗin Excel mai guba a watan Maris na 2021, maharan suka yi mako takwas suna yawo a ciki kafin su kulle komai ranar 14 ga Mayu. Wanda ya zo da kansa ya ce "na yi kuskure", a gode masa a gaban mutane. In aka ci masa mutunci, na gaba ba zai zo ba.

'Yan kwangila kuma ƙofa ce. A 2013 an saci bayanan katin banki miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, an kuwa shiga ne da izinin wani kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya haɗa muku manhaja kuma yake shigowa daga nesa ta AnyDesk ko TeamViewer, a buɗe masa lokacin aiki kawai, a rufe in ya gama. A rubuta a kwangila cewa bayanan naku ne, zai sanar da ku nan take in an yi masa kutse, zai kuma miƙa komai ranar rabuwa.

Mataki na tara: ranar da abin ya faru

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku rubuta shafi ɗaya, ku buga shi a takarda, domin ranar ba lallai kwamfuta ta buɗe ba. A sama lambobin waya: mai alhakin tsaro, mai kwamfuta, manajan asusunku a banki da layin gaggawa na bankin, lauya, da ƙwararren waje da kuka riga kuka yi magana da shi.

In kuɗi ne suka fita, banki ake fara kira, a cikin mintunan farko, a nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga a riƙe asusun, sannan a bi da takarda da rahoton 'yan sanda ko EFCC. Kuɗin sata ba ya kwana a asusu ɗaya. In kwamfuta ce ta kamu, a zare wayar intanet a kashe Wi-Fi, amma kada a yi gaggawar goge ta, domin shaidar yadda aka shigo tana ciki. A ɗauki hoton allon da waya. A canza kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta, a fara da imel. Kada a jona faifan ko-ta-kwana sai an tabbatar an tsabtace wurin. Mutum ɗaya ya riƙa rubuta abin da aka yi da lokacinsa, mutum ɗaya kuma ya yi magana da jama'a.

Batun biyan fansa, ra'ayina kada a biya. Ba tabbas za su ba da mabuɗi, ba tabbas za su goge abin da suka kwasa, kuma kuɗin ne jarin harin gaba. Amma wanda ba shi da kwafi, ranar ba ra'ayi ke yi masa magana ba, shi ya sa na daɗe a mataki na shida.

Sai doka. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da NDPC, hukumar kare bayanai ta ƙasa, cikin awa 72 da sanin an keta bayanan mutane ta yadda zai iya cutar da su, in haɗarin babba ne kuma a sanar da mutanen su kansu ba tare da jinkiri ba. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ta sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Dokar laifukan intanet ta 2015, bayan gyaran 2024, ita ma ta sa awa 72 don kai rahoton hari ga ngCERT, cibiyar tunkarar hare-haren intanet da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Bankuna da ƙananan bankuna suna da ƙarin ƙa'idojin Babban Banki. A Nijar hukumar HAPDP ce ke kula da bayanan mutane, a Gana kuma akwai dokar kare bayanai ta 2012 da ta tsaron intanet ta 2020.

Na san abin da zuciya ke raya wa shugaba a ranar: a rufa asiri, kada suna ya ɓaci. Amma uwar da lambarta da sunan ɗanta da ajinsa suka fita, gobe za a kira ta a ce yaron yana asibiti a turo kuɗi. In kun gaya mata yau, za ta gane tarkon. Haƙƙinta ne ta sani.

Sau ɗaya a shekara ku gwada takardar. Ku zauna awa ɗaya, wani ya ce, "Yau Litinin, ƙarfe takwas, kwamfutar kati ta ƙi buɗewa, oga yana Umara, wayarsa a kashe." Kowa ya faɗi abin da zai yi. A nan za a gano lambar bankin ta canza, ko mabuɗin sef ɗin yana aljihun wanda ya yi tafiyar. A gyara takardar, a sake bugawa. Ma'aikatar da ta girma har abokan hulɗa suka fara neman takardar shaida za ta iya neman ISO 27001, ma'aunin tsaron bayanai na duniya, wanda bugunsa na 2022 ke da matakan kariya 93, kuma za ta tarar rajistar haɗarin nan ita ce abu na farko da mai bincike zai ce a kawo.

Asibitin da na fara da shi bai biya ba. Sun yi wata biyu suna sake shigar da abin da suka samu daga katunan takarda da ke sito, wasu bayanan kuma sun tafi ke nan. Yanzu matar da ke ba da kati ita ke kula da faifai A da B, kuma duk ranar Alhamis bayan la'asar sai likitan ya sa hannu a wani ƙaramin littafi cewa ya ga an kwafa, an cire, an sa a jakarsa.